Yadda Ake Karanta Zanen Yaƙi na Bugun Jan Ƙarfe na Zamanin Barok

A ƙarni na 17, tun ba a san kyamara ba, sarkin da ya ci gari da yaƙi a Turai yakan nemi gwanin zane ya sassaƙa masa nasarar a jikin allon jan ƙarfe, a shafa wa allon tawada, a danna shi a kan takarda, a fitar da ɗaruruwan kofe, a aika wa sarakunan ƙetare da wasu, a kai saura kasuwa. Wannan ƙarnin shi ne tsakiyar zamanin da masana tarihin zane suke kira Barok, kuma a cikinsa ne Katolika da Furotesta, manyan ɓangarori biyu na Kiristocin yammacin Turai, suka zubar da jinin juna a Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, a cikinsa ne Holan ta ƙarasa ƙwace kanta daga hannun Sifaniya, a cikinsa ne kuma rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa ta yi wa birnin Viyana ƙawanya a 1683.

Yau waɗannan zane-zane suna yawo a intanet, ana liƙa su a ƙarƙashin rubuce-rubuce tamkar hoton kyamara, ana cewa ga abin da mabiya addini kaza suka yi wa mabiya addini kaza. Abin yana damuna ƙwarai, domin kusan kowane ɗayansu shaida ne da wani ya biya shi ya yi magana. Ana samun gaskiya mai yawa daga bakin irin wannan shaidan, amma sai an san tambayar da ake fara yi masa da wadda ake ajiyewa sai ƙarshe. Ga tsarin da nake ganin ya fi kai mutum ga fahimta.

Mataki na farko: samo hoton cikakke

Kada ka fara aiki da ɗan guntun hoton da aka turo maka a waya, domin galibi an yanke gefensa, kuma a gefen ne rabin labarin yake. Manyan gidajen adana kayan tarihi sun ɗora tarinsu a intanet kyauta: Rijksmuseum da ke Amsterdam, British Museum da ke Landan, Metropolitan da ke New York, da kuma Gallica, taskar babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Ka rubuta sunan mai zanen ko sunan garin da aka yi yaƙin tare da shekarar, ka zaɓi kofen da ya nuna takardar tun daga baki har baki, wanda kuma za ka iya faɗaɗa shi har ka ga layi ɗaya-ɗaya. Ka kwafe tsawo da faɗin da aka rubuta a bayanin hoton tun yanzu. A fuskar waya duk hotuna girmansu ɗaya, alhali wani zanen bai fi tafin hannu biyu ba, an yi shi don a riƙe a duba a natse, wani kuwa ya haura mita ta kowane gefe, an yi shi don bangon fada.

Mataki na biyu: san yadda aka yi shi

Wanda bai san yadda layi yake hawa takarda ba ba zai iya bambance asali da kwaikwayo ba, don haka nan wurin tsayawa ne. Hanyoyi biyu ne suka mamaye zamanin, kuma duka biyun suna ajiye tawada ne a cikin ramukan da aka yi a allon jan ƙarfe, akasin hatimi wanda tudunsa ne yake ɗaukar tawada.

Hanya ta farko sassaƙa ce kai tsaye. Mai aikin yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki da suke kira burin, yana tura shi gaba a jikin allon, yana juya allon a kan ɗan matashin fata idan yana son layi ya lanƙwasa. Layin da burin ya yanka yakan fara da tsini, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare da tsini, kuma layukan sukan jeru a tsare kamar kunyoyin gona. Aiki ne mai cin watanni, shi ya sa aka fi yin sa ga hotunan sarakuna da manyan ayyukan fada, irin waɗanda Gérard Edelinck ya yi wa fadar Sarkin Faransa Louis na 14.

Hanya ta biyu cin asid ce. Ana shafe allon da wani shafi da asid ba ya ci, a baƙanta shi da hayaƙin kyandir, a yi zane a kansa da allura yadda bakinta zai tone shafin ya buɗe jan ƙarfen, sannan a zuba asid ya ci wuraren da aka buɗe. Layin asid kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, bakinsa a dakushe, kuma yana da sakin hannu irin na rubutun alƙalami. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, saboda haka ita ce hanyar masu buga labarin yaƙi da ɗumi-ɗuminsa. Sau da yawa akan haɗa biyun a allo guda: a yi yawancin aikin da asid, a ƙarasa inuwa da rubutu da burin.

A nan dole a ambaci Jacques Callot, mutumin Nancy a ƙasar Lorraine, wanda aka haifa a 1592 ya rasu a 1635, domin shi ne ya mai da cin asid abin da zai iya ɗaukar runduna guda a takarda. A Florence ya ɗauko shafi mai tauri irin na masu ƙera kayan kiɗa, wanda ba ya ɓamɓarewa a cikin asid. Ya yi amfani da allura mai yankakken baki da ake juyawa a hannu ta fitar da layi mai kumburi kamar na burin. Ya kuma ƙware wajen tsoma allo a asid sau da yawa: ya tsoma na ɗan lokaci, ya rufe sassan nesa da shafi, ya sake tsomawa don sassan kusa su ƙara zurfi. Idan ka ga mutanen gaba baƙi ƙirin, tsaunukan baya kuwa kamar hazo, sakamakon wannan dabarar kake gani. Abraham Bosse ya bayyana hanyar dalla-dalla a littafin koyarwa da ya buga a 1645.

Bayan an gama allon, akan cusa tawada cikin ramukan, a goge fuskar allon tas, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su tsakanin gungume biyu na injin matsi. Abubuwa biyu suna biyo baya waɗanda za su yi maka amfani. Na ɗaya, hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu, saboda haka idan ka ga sojoji duka suna riƙe da takobi a hannun hagu, ko kogi ya koma wancan gefen garin, mai yiwuwa wani ne ya kwafi zanen wani kai tsaye bai juya shi ba. Na biyu, jan ƙarfe yana cinyewa da yawan bugu, kuma siraran layukan nesa ne suke fara ɓacewa, don haka kofen da ya yi fari-fari, sararin samansa ya zama wayam, bugun baya ne.

Mataki na uku: binciki takardar, idan tana hannunka

Wanda yake aiki da hoton intanet kaɗai yana iya wuce wannan, amma wanda aka miƙa wa takarda aka ce tsohuwa ce, ya wanke hannu ya shanya, ya shimfiɗa ta a kan tebur mai tsabta. Ka fara neman shatin allo, wato ɗan lotsawar da bakin jan ƙarfen ya bari kewaye da hoton. Rashinsa ba hujja ba ce ta jabu, domin masu tara zane na da sun saba datse gefe, kuma samunsa ma bai isa hujja ba, tunda ana iya danna shi daga baya. Ka haska fitila daga gefe: a bugu na gaskiya layuka masu kauri sukan ɗan taso sama da takardar. Ka sa gilashin ƙara girma: idan layin ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige a jere, wannan aikin injin zamani ne, magana ta ƙare.

Daga nan ka ɗaga takardar ga haske. Takardar ƙarni na 17 da tsumma aka yi ta, da hannu, a kan rariyar waya, don haka za ka ga siraran layuka a matse da juna, da wasu 'yan kaɗan da suka gitta su a tazarar kimanin yatsa biyu, wani lokaci har da tambarin masana'anta a cikin jikinta. Wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon littafin hannu na malaman ƙasar Hausa ya ga jinjirin wata uku a cikinta ya riga ya san abin da nake nufi, domin ita ma waccan takardar daga masana'antun Italiya ta fito ta ratso Sahara. Takarda mai sumul wadda ba ta da waɗannan layuka ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757. Idan ka ga zanen 1630 a kanta, to ko dai kwaikwayo ne, ko kuwa an sake bugawa daga tsohon allo, abin da sashen bugu na gidan tarihin Louvre da ke Paris, wanda aka kafa a 1797, yake yi a fili har gobe. Ninki a tsakiyar takarda kuma yakan nuna cewa daga cikin littafi aka ciro ta. Kada ka liƙa mata salatif, kada ka rufe ta da leda mai zafi, ka nisanta ta da rana da laima da gara.

Mataki na huɗu: karanta rubutu kafin ka kalli hoto

Ido yakan so ya faɗa kan dawaki da hayaƙi, amma ka danne shi, ka sauka ƙasan takardar inda ƙananan haruffa suke. Kalmomi ne na Latin, a gajarce, kuma kaɗan ne ake bukatar haddacewa. Sunan da *invenit* ko *inv.* ya biyo baya shi ne wanda ya ƙirƙiro tsarin hoton. *Delineavit* ko *del.* shi ne wanda ya zana shi a takarda, *pinxit* kuwa yana nufin an kwafo ne daga zanen fenti na wane. *Sculpsit* ko *sc.* shi ne wanda ya sassaƙa allon, *fecit* shi ne wanda ya yi aikin, galibi da asid. Wanda ya fi su muhimmanci ga mai binciken tarihi shi ne *excudit* ko *exc.*, wato maɗabi'in da ya mallaki allon yake sayar da kofe, domin garin da yake zaune yana gaya maka hukumar da take kansa. Antwerp ta wannan ƙarnin tana ƙarƙashin Sifaniya da Katolika, Amsterdam tana hannun Furotesta, kuma yaƙi guda yakan fito da fuska biyu daga waɗannan garuruwa.

Idan ka ga *cum privilegio Regis*, ko takwararsa ta Faransanci *avec privilège du Roy*, ma'anarsa ita ce sarki ya ba maɗabi'in kariya kada wani ya kwafi aikin na wasu shekaru. Wannan bai nuna sarki ne ya sa aka yi zanen ba, amma ya nuna hukuma ba ta ga abin ƙi a cikinsa ba. Sannan ka nemi sadaukarwa, wadda akan rubuta cikin ƙawataccen zagaye tare da tambarin gidan sarauta. Nan ne ake jero laƙaban wanda aka yi aikin dominsa kamar yadda maroƙi yake jero kirarin ubangidansa, kuma nan ne za ka san ladan wa mai zanen ya ci.

Kwanan wata ma yana tona asiri. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda, ƙasashen Katolika suka karɓa, amma Furotestan Jamus ba su karɓa ba sai 1700, Ingila kuwa sai 1752, kuma a ƙarni na 17 tazarar kwana 10 ce tsakaninsu. Faɗuwar birnin Magdeburg na Jamus a 1631 za ka gan ta a wata takarda ranar 10 ga Mayu, a wata kuma 20 ga Mayu. Yaƙin Lützen na 1632, inda Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus ya kwanta dama, yakan zo da 6 ko 16 ga Nuwamba. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowa da kalandarsa yake lissafi, kai kuma ka samu alamar inda takardar ta fito.

Abu na ƙarshe a rubutu shi ne mabuɗi. Za ka ga haruffa ko lambobi a warwatse cikin hoton, A a kan wata ganuwa, B a kan wata tuta, bayaninsu yana ƙasa ko a wata takarda dabam. Ka bi su bi da bi, ka lura da wanda aka ba harafin farko da wanda ba a ba harafi ko ɗaya ba.

Mataki na biyar: shiga cikin hoton

Misalin da ya fi dacewa a koya da shi shi ne zanen ƙawanyar Breda na Callot. Janar Ambrogio Spinola, ɗan Genoa mai jagorantar rundunar Sifaniya, ya kewaye wannan gari na Holan a watan Agusta 1624, kuma gwamnan garin, Justin na Nassau, ya miƙa wuya ranar 5 ga Yuni 1625. Gimbiya Isabella, mai riƙon yankin Beljiyam na yau a madadin Sifaniya, ita ta sa Callot ya yi aikin, ya kuma fito a 1628 a kan alluna 6 da ake haɗa takardunsu su ba da hoto mai kusan santimita 120 a tsaye da 140 a kwance. Callot bai halarci ƙawanyar ba, bayan an gama ya je ya duba wurin.

Ka fara da tsakiya, ka gano garin. Ganuwarsa tana da kusurwoyi masu tsini kamar tauraro, an gina ta haka ne don igwogin kowace kusurwa su kare jikin maƙwabciyarta, ga gwalalo mai ruwa kewaye. Daga nan ka matsa waje ka nemi layukan masu ƙawanya, waɗanda yawanci biyu ne: na ciki yana fuskantar gari don hana fita, na waje yana fuskantar daji don tare rundunar da za ta kawo ɗauki. A zane-zanen wasu garuruwan za ka ga ramuka masu karkace-karkace suna nufar ganuwa, an karkata su ne don kada harsashin igwa ya share ramin a miƙe, kuma daga ƙawanyar Maastricht ta 1673 za ka fara ganin dogayen ramuka da suka yi layi ɗaya da ganuwar, dabarar Vauban, injiniyan sojan Faransa. A Breda kuwa abin da za ka fi lura da shi shi ne tsawon zoben da ayarin kekunan abinci, domin Spinola da yunwa ya ci garin.

Sai ka sauko ƙasan hoton, inda mutane suke da girma. Ka lura cewa mahangar ta sauya ba tare da an sanar da kai ba: a gaba kana tsaye ne a ƙasa tare da mahaya da 'yan kasuwar sansani, a tsakiya kuwa ka koma kamar shaho kana kallon taswira daga sama. Babu tudun da mutum zai hau a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Holan ya ga haka. Lokaci ma an naɗe shi: artabun da aka yi a watanni dabam-dabam, da zuwan gimbiya bayan an ci garin, duk suna cikin fili guda kamar a yini ɗaya suka auku. Don haka taswirar ganuwa da ramuka abin dogaro ce matuƙa, tunda daga aunin injiniyoyin soja ake ɗauko ta, amma jerin sojoji a sahu cif-cif, kowane mashi a tsaye, ado ne da aka yi don a nuna sarki mai tsari ne.

Mataki na shida: fassara alamomi

Tutoci da tambura su ne sunayen ɓangarori. Gaggafa mai kai biyu ta sarkin sarakunan Jamus ce na gidan Habsburg mai mulki a Viyana, gicciye mai ƙaya-ƙaya a karkace na rundunar Sifaniya ne, zaki riƙe da takobi da damin kibau na Holan ne, furen lili na Faransa ne, rana mai fuskar mutum ta Louis na 14 ce, jinjirin wata kuwa da shi Turawa suke nuna Usmaniyawa. A sama cikin gajimare akan sa mace mai fukafukai tana busa kakaki, ita ce Shahara, wata kuma tana miƙo kambin ganye, ita ce Nasara. Tsoho mai gemu da ya jingina da tulu yana zubar da ruwa kogi ne, mace mai rawanin ganuwa kuwa gari ne.

Alamomin addini su suka fi bukatar hattara. Mace riƙe da gicciye da ƙoƙon ibada tana wakiltar Imani a wurin Katolika, kuma abin da take takawa, maciji mai kawuna da yawa ko tsohuwa da littattafai a yage, shi ne abin da suke kira bidi'a, wato Furotesta. A takardun Furotesta sai ka tarar an juya: dodon ne yake sanye da hular Fafaroma mai hawa uku. Fursunoni ɗaurarru a gindin dokin sarki, masu rawani ko marasa shi, tsohon salo ne da aka gada daga Rumawa, ana sa su ko da ba a kama kowa ba.

Mataki na bakwai: nemi abin da aka bari a waje

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan Breda, fadar Faransa ta sa Callot ya yi mata irin wannan aiki a kan La Rochelle, garin Furotestan Faransa da Sarki Louis na 13 da wazirinsa Kadinal Richelieu suka yi wa ƙawanya daga 1627 har zuwa Oktoba 1628. Zanen ya cika da jiragen ruwa da kuma katangar nan ta kusan kilomita ɗaya da rabi da aka datse mashigar teku da ita don hana jiragen Ingila kawo ɗauki. Abin da ido ba zai kama ba shi ne cewa garin da yake da mutum wajen 27,000 ya buɗe ƙofofinsa da kimanin 5,000 kacal a raye, yawancin sauran yunwa ta kashe su. Zanen Breda ma yana nan yana shelar nasara, alhali Holan ta ƙwace garin a 1637. Duk lokacin da ka gama kallon zanen nasara, ka buɗe littafin tarihi ka nemi abu uku: yawan waɗanda suka mutu, abin da ya kashe su, da abin da ya faru da garin bayan shekara goma.

Kishiyar wannan kuskuren ita ce ɗaukar zanen wahala a matsayin hujjar zaluncin wani addini. A 1633, shekarar da sojojin Faransa suka shiga Nancy, Israël Henriet ya buga wa Callot jerin zane 18 a birnin Paris a kan masifun yaƙi, kowanne bai kai santimita 20 a faɗi ba. Na 11 shi ya fi yawo a duniya: wata katuwar bishiya, gawawwaki wajen ashirin suna reto a rassanta, limamin coci a kan tsani yana miƙa gicciye ga wanda za a rataye, wasu kuma suna caca a kan ganga a gindinta. Na sha ganin an sa shi da bayanin cewa Katolika ne suke rataye Furotesta. Baitocin Faransanci da ke ƙasansa sun ce ɓarayi ne, har sun kwatanta su da mugayen 'ya'yan itace, kuma wanda ya bi jerin daga farko zai ga labarin a fili: an ɗauki sojoji, an yi yaƙi, wasunsu sun balle suna wawashe gonaki da ƙauyuka da gidan ibada, an kamo su, rundunarsu ta hukunta su, waɗansu sun ƙare da bara, manoma sun rama a kan wasu, a zane na ƙarshe kuma sarki yana raba lada ga nagari. Ba a fito da addinin waɗanda aka rataye ba ko kaɗan. Ƙa'idar ita ce, idan ka ga lamba a kusurwar takarda, kada ka yanke hukunci sai ka ga 'yan'uwanta.

Mataki na takwas: ji ta bakin ɗaya ɓangaren

Ba a yanke shari'a da jin mai ƙara shi kaɗai. Sa'ar da aka yi ita ce kusan kowane babban al'amari na ƙarnin an zana shi daga ɓangarori biyu. A Magdeburg, inda sojojin Tilly da Pappenheim, janarorin ɓangaren Katolika, da gobara suka hallaka mutum wajen 20,000, takardun Furotesta sun nuna garin a matsayin budurwa da aka keta wa haddi, domin budurwa ce a tambarin garin, masu goyon bayan Tilly kuwa suka kira abin ɗaurin aure. Matthäus Merian, Furotesta ɗan Basel mai maɗaba'a a Frankfurt, ya sa faɗuwar garin a babban kundinsa na labaran Turai. Da Louis na 14 ya soke dokar Nantes a 1685, wadda tun 1598 ta ba Furotestan Faransa damar yin ibadarsu, masu zanen Paris sun yi murnar rushe majami'ar Furotesta ta Charenton, Jan Luyken a Amsterdam kuwa ya zana sojoji suna azabtar da iyalai a gidajensu da jama'a suna gudun hijira. Ka ajiye biyun gefe da gefe. Inda suka haɗu, kamar rushe majami'u, abin ya tabbata. Inda suka rabu, nan ne aikin bincikenka yake.

Ka kuma kula da siffofin da ake maimaitawa. Romeyn de Hooghe ya zana ta'asar da sojojin Faransa suka yi a ƙauyukan Bodegraven da Zwammerdam a Disamba 1672. An ƙone ƙauyukan, an kashe mutane, wannan babu shakka, amma irin siffofin cin zarafin mata da jarirai da ya yi amfani da su an riga an yi amfani da makamantansu a kan sojojin Sifaniya tun zamanin kakanninsa, kuma su ne ake ɗora wa Turkawa a wasu takardun. Siffar da ta dace da kowane abokin gaba ba ta isa shaida a kan ko ɗaya ba.

Zane-zanen Viyana na 1683 su suka fi bukatar wannan taka-tsantsan a wurin mai karatu Musulmi da Kirista baki ɗaya. Suna nuna gicciye ya rinjayi jinjirin wata ranar 12 ga Satumba, lokacin da Sarkin Folan Jan Sobieski ya gangaro daga tudun Kahlenberg ya tarwatsa rundunar Waziri Kara Mustafa. Yaƙin ya auku, kuma haka ya ƙare. Sai dai Imre Thököly, shugaban 'yan tawayen Hungary, Furotesta ne kuma yana tare da Usmaniyawa, a cikin rundunar Sobieski akwai Tatar Musulmi, Louis na 14 mai laƙabin sarki mafi Kiristanci kuwa bai aiko da ko soja ɗaya ba saboda gabarsa da gidan Habsburg. Haka ma Richelieu da ya kashe La Rochelle da yunwa shi ne ya shigar da Faransa Yaƙin Shekara Talatin a 1635 a gefen Suwidin da Holan, ƙasashen Furotesta. Addini yana cikin waɗannan yaƙe-yaƙe da gaske, amma zanen yakan share sauran dalilan don a bar shi shi kaɗai a fili.

Mataki na tara: rubuta bayanin da zai raka hoton

Idan za ka sa zanen a darasi ko maƙala, kada ka sake shi tsirara. Ka rubuta sunan mai zanen, abin da aka zana, shekarar al'amarin da shekarar bugun a rarrabe, hanyar da aka yi shi, girmansa, maɗabi'i da garinsa, wanda ya sa aka yi idan an sani, da gidan tarihin da ka ɗauko kofen tare da lambarsa. Ga yadda zan rubuta wa bishiyar nan: Jacques Callot, rataye sojojin da suka yi wawaso, na 11 cikin jerin zane 18 a kan masifun yaƙi, cin asid a jan ƙarfe, bai kai santimita 20 a faɗi ba, Israël Henriet ya buga a Paris a 1633 da kariyar sarki; rundunarsu ce take hukunta su, kuma zanen bai ambaci addininsu ba.